Mutumin Da Ke Tsaye A Baya

Masu iya magana sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ban taɓa ja da wannan magana ba, amma a 'yan watannin nan wata tambaya ta tsaya mini a rai, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Tambayar kuwa ita ce, idan mai waƙar ya ƙi buɗe baki, har ya koma ga Mahaliccinsa bai buɗe ba, a bakin wa za a ji ta? Abin da ya jawo mini wannan tunani shi ne waɗansu littattafai da na karanta a kan tarihin wata ƙungiyar makaɗa ta ƙasar Ostireliya, wadda ake kira AC/DC. Na san mai karatu zai ce, ina ruwan biri da gada? Me ya haɗa ɗalibin Sashen Hausa da kiɗan rok mai tsananin ƙara na mutanen wata nahiya? To, a yi mini haƙuri in ɗauko zancen daga tushe.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, mai gyaran rediyo ne. Yana da 'yar rumfa a bakin kasuwar garinmu, wadda kullum za ka tarar da ita cike da rediyoyi da akwatunan kaset, waɗansu an buɗe cikinsu, waɗansu kuwa masu su sun mance da su tun tuni. Sa'ad da nake yaro, in na taso daga makaranta can nake yini, ina miƙa masa sukudireba, in an ɗauke wuta kuma in hura masa gawayin da yake ɗora ƙarfen narka dalma a kai. A cikin tarkacen rumfar akwai wani tsohon kaset da wani mutum ya bari a rikodarsa da ya kawo gyara, bai kuwa sake waiwayarta ba. An rubuta haruffa huɗu a jikinsa da biro, AC/DC. Da shi Kawu yake gwada lasifika. In ya gama gyara sai ya sa shi, ya murɗa murya har ƙarshe. Da farko za ka ji bugun wata ƙatuwar ƙararrawa, sannu a hankali kamar ana shelar mutuwa, sa'an nan jita ta shigo, ganguna su biyo baya, daga nan sai wani mutum ya ɓarke da ihu kamar an taka shi. Duk lasifikar da ta ɗauki wannan ba ta yi karkarwa ba, to, ta warke.

Ran nan na ce masa, “Kawu, me ya sa aka rubuta wa kaset ɗin nan abin da ake rubutawa a bayan rediyo?” Ya yi dariya, ya ce, “Kai yaro, AC ai wutar gida ce, DC kuwa wutar batir. Waɗannan mutane, ka ji yadda suke yi, duka biyun suka haɗa.” Kawu ba ya jin Turanci sai na sana'a, bai kuma san ko su wane ne ba, amma yana da kunne, domin da kunne yake cin abinci. Wata rana muna sauraro sai ya ɗaga yatsa, ya ce, “Rabu da mai ihun nan, ba shi ne ke riƙe da kiɗan ba. Akwai wani a ƙarƙashinsa, ka ji shi? Ba ya gaggawa, ba ya jinkiri. In da zai tsaya, da duk sun zube.” Na kasa kunne ban ji komai ba sai hayaniya. Maganar dai ta zauna mini.

Shekaru suka shuɗe, na shigo jami'a, har na kai shekarar rubuta kundin digiri. Na zaɓi in rubuta tarihin wani makaɗin fada na ƙasarmu wanda ya daɗe da rasuwa. Malamin da ke duba aikina ya ce mini, kafin in yi nisa in je in karanta yadda waɗansu suke rubuta tarihin makaɗa, namu na gida da na ƙetare, in lura da abin da suke ɗauka da abin da suke bari. Da na zo kan na ƙetare sai kaset ɗin Kawu ya faɗo mini a rai. Na ce bari in nemi labarin mutanen nan, ko na gano wane ne wannan da ba ya gaggawa ba ya jinkiri. A dogon hutun da ya biyo baya na bi littattafan ɗaya bayan ɗaya, waɗansu na aro, waɗansu a waya na karanta su har idanuna suka yi ja.

Ga labarin ƙungiyar a taƙaice, domin wanda bai san ta ba. A shekarar 1963 wani iyali da ake kira Young suka bar birnin Gilasgo na ƙasar Skotland, suka yi ƙaura zuwa Sidni ta Ostireliya neman abinci. Talakawa ne masu 'ya'ya da yawa. Ɗaya daga cikin 'ya'yan, George, ya fara yin suna a wata ƙungiya mai suna Easybeats. Ƙannensa biyu, Malcolm wanda aka haifa a 1953, da Angus wanda aka haifa a 1955, su ne suka kafa AC/DC a ƙarshen 1973, suka yi wasansu na farko a daren 31 ga Disamba na wannan shekara. An ce yayarsu Margaret ce ta ga haruffan a jikin keken ɗinki, ita ce kuma ta ba da shawarar Angus ya riƙa hawa dandamali da kayan 'yan makaranta, gajeren wando da kwat da hula, shigar da har ya yi furfura bai bar ta ba. A 1974 suka sallami mawaƙinsu na farko, Dave Evans, suka ɗauko wani mai suna Bon Scott, shi ma haifaffen Skotland, wanda ya girma a garin Fremantle. Da shi suka yi faifai 6 bisa lissafin Ostireliya, na ƙarshensu shi ne Highway to Hell na 1979, wanda ya buɗe musu ƙofar Amurka.

Ana cikin wannan tashe, ranar 19 ga Fabrairu, 1980, aka tsinci gawar Bon Scott a cikin mota a wata unguwa ta kudancin Landan, bayan ya kwana a ciki cikin maye. Shekararsa 33. Alƙalin da ya binciki musabbabin mutuwar ya ce gubar barasa ce. Cikin watan Afrilu suka ɗauki Brian Johnson, mutumin arewacin Ingila, wanda a lokacin yake sana'ar gyaran rufin motoci. Suka tafi tsibirin Bahamas suka ɗauki faifan Back in Black, ya fito a watan Yuli, baƙi ƙirin domin makoki. Ana ƙiyasta an sayar da kwafi wajen miliyan 50 nasa, yana cikin faifan da aka fi saye a tarihin duniya. Ashe shi ne kaset ɗin Kawu, ƙararrawar nan kuwa da gaske ta mutuwa ce. Daga nan zuwa 2020, ƙungiyar ta yi faifai 11 na sababbin waƙoƙi da muryar Brian Johnson, a 2024 da 2025 kuma suka sake zagaya ƙasashe suna cika filayen ƙwallo.

To, mai karatu ya yi lissafi da kansa. Ƙungiya ta haura shekara 50. Bon Scott bai cika shekara 6 a cikinta ba. Abin da ya biyo bayansa ya fi shekara 40. Da adalci za a bi, da kowane littafi ya ba wa shekarun baya kaso mafi tsoka. Ga abin da na tarar.

Littafin Clinton Walker, Highway to Hell, wanda ya fito a 1994, tarihin Bon Scott ne tun daga haihuwa har zuwa kabari, saboda haka ba a ga laifinsa ba da ya tsaya a 1980. Mark Evans, wanda ya kaɗa musu jita mai kaurin murya daga 1975 zuwa 1977, ya rubuta Dirty Deeds a 2011, abin da ya gani da idonsa kuwa bai wuce waɗannan 'yan shekaru ba. Michael Browning, manajansu daga 1974 zuwa 1979, ya rubuta Dog Eat Dog a 2014, shi ma iyakarsa ke nan. Jesse Fink ya fitar da Bon: The Last Highway a 2017, ƙaton littafi a kan shekaru 3 na ƙarshen rayuwar Bon. Sai littattafan da suka ɗauki alkawarin kawo tarihin ƙungiyar baki ɗaya, watau Maximum Rock & Roll na Murray Engleheart da Arnaud Durieux, na 2006, da Hell Ain't a Bad Place to Be na Mick Wall, na 2012. Su ma in ka riƙe su a hannu, ka sa yatsa a shafin da Bon ya mutu, za ka ga abin da ke hannun hagunka ya fi na damanka kauri. Kafin 1980 tafiya suke yi a ƙasa, suna tsayawa kowane gari, suna gaya maka wace mota aka shiga, wa ya yi faɗa da wa. Da an wuce Back in Black sai su hau jirgin sama, kowane babi ya haɗiye faifai guda da zagayen duniya guda.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne littafin Brian Johnson kansa, The Lives of Brian, na 2022. Na ɗauke shi da murna, na ce yau zan ji waƙa a bakin mai ita, tun da ga mutumin da ya yi shekara 40 da ɗoriya a ciki. Littafi ne mai daɗi ƙwarai, ya ba da labarin ƙuruciyarsa cikin talauci, da mahaifiyarsa 'yar Italiya, da ƙungiyarsa ta farko mai suna Geordie, da yadda tauraronsa ya dusashe har ya koma gyaran mota. Amma in ban da ɗan abin da ya faɗa game da ciwon kunnen da ya same shi a 2016, yana kaiwa ga Back in Black sai ya ajiye alƙalami. Watau shi ma a 1980 ya tsaya, kamar akwai wata katanga a wannan shekara wadda ba a yarda kowa ya tsallaka ba.

Na daɗe ina juya abin a raina, ina neman dalili. Na farko dai a fili yake. Mutuwa ita ce ke ba labari ƙarshe, marubuci kuwa yana son labari mai ƙarshe. Rayuwar Bon Scott ta zo a shirye kamar tatsuniya: ɗan talaka mai barkwanci, wanda ya taɓa zama a gidan horon yara, ya yi aikin gidan waya da na jirgin kamun kifi, ya sha wuya shekara da shekaru, yana gab da cin moriyar wahalarsa sai ajali ya yanke masa. Daɗin daɗawa, daren mutuwar yana da duhun da kowa ke son haskawa. Fink ya kawo hujjojin da yake ganin suna nuna akwai muguwar ƙwayar nan heroyin a cikin lamarin, ya kuma yi zargin cewa waɗansu baitocin Back in Black daga rubuce-rubucen Bon aka ɗebo su. 'Yan ƙungiyar sun musanta zargin baitocin, Brian Johnson ma ya musanta a littafinsa. An ɓatar da tawada mai yawa a kan wannan dare guda, fiye da yadda aka ɓatar a kan waɗansu shekaru goma cur.

Dalili na biyu shi ne wanda ya fi shafar mu masu koyon bincike. Marubucin tarihi inda ake magana yake zuwa, kamar yadda tsuntsu ke zuwa inda aka zuba tsaba. Su wa ke magana a kan AC/DC? Waɗanda aka sallama. Tsohon mawaƙi, tsohon makaɗi, tsohon manaja, tsofaffin ma'aikatan kamfanin faifai, da matan da suka san Bon. Yawancinsu a shekarun farko suka zauna da ƙungiyar, kowannensu kuma yana da ɗan mikinsa. Mark Evans, alal misali, an fara ambatar sunansa cikin waɗanda za a karrama sa'ad da aka shigar da ƙungiyar zauren girmama makaɗan rok na Amurka a 2003, daga baya aka cire. Ban ce sun yi ƙarya ba, amma kowa daga inda yake tsaye yake hango kasuwa. Su kuwa 'yan gidan Young, waɗanda suka san komai, sun ɗinke bakinsu. Walker bai sami haɗin kansu ba. Fink ya rubuta littafi sukutum a kansu, The Youngs, a 2013, ba tare da ko ɗayansu ya zauna da shi ba. Mutane ne masu riƙe sirrin gida, sana'arsu a tsakanin dangi take juyawa, sukan yi hira da 'yan jarida in sabon faifai ya fito, su yi raha, su tashi ba su faɗi komai ba. Wanda ya zauna lafiya da su har ƙarshe kuwa ya koyi halinsu.

Dalili na uku, ɗorewa tana da wuyar bayarwa a labari. An ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, to waɗannan mutane sun ƙi sauya kiɗa. Yayi iri-iri ya zo ya wuce su suna nan a kan abu guda. Mai rubutu in ya zo kan faifai na goma sai ya rasa sabon abin faɗi, ya ce an sake yin irin na jiya, ya wuce. Amma fa a rayuwar mutum, yin abu guda shekara 40 ba tare da ya lalace ba shi ne aikin da ya fi kowane wuya. Yaya aka yi suka tsallake tsakiyar shekarun 1980, sa'ad da faifan Flick of the Switch da Fly on the Wall suka kasa kamo ƙafar na baya a kasuwa? Me ya sa tun daga The Razors Edge na 1990 Brian Johnson ya daina rubuta baitoci, komai ya koma hannun Malcolm da Angus? Me ya gudana a zukatansu bayan daren 18 ga Janairu, 1991, sa'ad da matasa 3 suka mutu cikin turmutsitsi a wasansu na Salt Lake City? A watan Satumba na wannan shekara kuma sun yi wasa a wani filin jirgin sama na Mosko gaban dubban ɗaruruwan mutane, makonni kaɗan bayan yunƙurin juyin mulkin da ya ci tura, Tarayyar Sobiyet tana gab da rushewa. Duk waɗannan suna cikin littattafan, ban ce babu su ba, amma a guje aka wuce su, kamar mai kallon gari ta tagar mota.

Yanzu bari in zo kan mutumin Kawu. Na same shi, Malcolm Young ne. In ka kalli hotunan wasanninsu, idonka a kan Angus zai tsaya, yana tsalle yana birgima da kayan 'yan makaranta, ko a kan mawaƙi. Malcolm yana can baya, gefen mai ganguna, kusa da tulin lasifikoki, ɗan ƙaramin mutum mai dogon gashi, da tsohuwar jitarsa ƙirar Gretsch wadda ya kankare mata fenti, ya cire mata duk abin da ba ya bukata, har ramuka suka bayyana a jikinta. Ƙafarsa ɗaya tana bugun ƙasa, hannun damansa yana saukar da kiɗa. In an zo gindin waƙa sai ya tako gaba zuwa makirufo, ya yi amshi, ya koma da baya inda ya fito. Haka yake yi a kowace waƙa, kowane dare, har wasansa na ƙarshe a birnin Bilbao na Sifen a watan Yunin 2010. A idon ɗan kallo ɗan amshi ne. Amma duk waɗanda suka yi aiki da ƙungiyar bakinsu ya zo ɗaya cewa shi ne mai ita. Shi ke yanke shawara, shi ke ɗauka shi ke sallama, da gyaɗa kansa mai ganguna yake sanin inda za a tsaya, yawancin karin da aka gina waƙoƙin a kai kuma da hannunsa a ciki.

Ga wani abu da ya kamata a auna. A 1988 Malcolm ya ga barasa tana neman kai shi inda ta kai Bon. Sai ya janye daga zagayen da za su yi a Amurka, ya tafi ya nemi magani, ɗan wansa Stevie Young ya tsaya a gurbinsa. An ce saboda kamar da suke yi, 'yan kallo da yawa ba su ma lura an sauya mutum ba. Ya rabu da ita, ya dawo bakin aikinsa. To, wanda barasa ta kayar an rubuta masa littattafai, wanda ya kayar da ita kuwa 'yan shafuka ya samu. Ban san abin da wannan yake nunawa game da marubuta ba kamar yadda yake nunawa game da mu masu saye mu karanta.

Ƙarshen al'amarinsa akwai ban tausayi. Ciwon mantuwa ya kama shi. Angus ya faɗa daga baya cewa a zagayen faifan Black Ice, wanda ya fito a 2008, sai da Malcolm ya riƙa sake koyon waƙoƙin da shi da kansa ya ƙirƙira kafin a hau dandamali. A 2014 aka ba da sanarwar ya bar aiki. Ya rasu ranar 18 ga Nuwamba, 2017, yana da shekara 64, ƙasa da wata guda bayan rasuwar wansa George. A wurin jana'izarsa a Sidni, Angus ne ya ɗauko tsohuwar jitar nan a hannu. Faifan Power Up na 2020 an gina shi ne a kan karin da 'yan'uwan biyu suka tara tun da, kowace waƙa kuma tana ɗauke da sunansa. Malcolm bai bar littafi ba. Tun kafin ya mutu ma, ma'ajiyar da tarihin yake ciki ta riga ta wofinta. Duk wanda zai rubuta cikakken tarihin AC/DC nan gaba, a bakin waɗansu zai ji waƙar.

Kada a ɗauka ina raina wa marubutan nan. Walker ya bi sawun Bon gari gari, ya zauna da mahaifiyarsa da abokan ƙuruciyarsa tun suna raye, ya ceto abin da da ya salwanta. Engleheart da Durieux sun tara ranaku da wurare da haƙuri irin na tururuwa, in kana neman sanin yaushe aka yi kaza, wurinsu za ka. Mark Evans ya sa ka ji warin motar da suke kwana a ciki. Fink kuwa ya yi tambayoyin da waɗansu suka ji nauyin yi, ko da ba ka yarda da duk amsoshinsa ba. In aka haɗa su wuri guda, shekarun 1973 zuwa 1980 sun sami hakkinsu har da ƙari. Sauran ne aka ci bashinsu, kuma mai biya ya tafi.

Da na gama karatun sai na ɗauko babi uku da na riga na rubuta na kundina, na sake duba su, kunya ta rufe ni. Abin da nake zargin Turawa da shi, shi na aikata ba ragi. Na cika shafuka da haihuwar makaɗin nan, da yadda ya gudu daga gona ya bi kiɗa, da waƙar da ta fito da shi, da saɓanin da ya taɓa shiga tsakaninsa da ubangidansa, da jinyarsa da rasuwarsa. Shekara wajen 30 da ya yi yana fita kowace Juma'a da kowace salla, yana waƙa a ƙofar fada, na tattara su a sakin layi biyu. Waɗanda na yi hira da su kuwa, 'ya'yansa ne da ba su bi sana'ar ba, da wani da ya bar ƙungiyar cikin fushi, shi ya fi kowa ba ni labari. Sunayen 'yan amshi na jera su a layi guda kamar kayan lefe.

Akwai wani tsoho a cikinsu da yake raye, a wani ƙauye bayan garinmu. Na taɓa zuwa wurinsa sau ɗaya, don kawai in tabbatar da shekarar da aka yi wata waƙa. Na tuna da na tashi tafiya ya ce mini, “Ɗana, shi ke nan tambayar?” Na ce, “Shi ke nan, Baba.” Ya ce, “To, Allah Ya ba da sa'a.” Ban ji komai a maganar ba a ranar. Sai da na san Malcolm Young na gane abin da na tsallake.

Na sami Malam na gaya masa ina so in rushe babi na uku in sake gini. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce lokaci ya ƙure, amma in na ga zan iya, ga fili ga mai doki. Na koma ƙauyen. Na tarar da tsohon ya ƙara ramewa, yana kwance a zaure, tari ya dame shi. Na gaishe shi, na ce, “Baba, na dawo ne a kan tambayar da ban yi ba. Ina so ka ba ni labarin yadda kuke aiki, ranar da ba a yi komai ba sai aiki.” Ya yi shiru har na zaci barci ya ɗauke shi. Can sai ya tashi zaune, ya fara. Ya gaya mini yadda suke gasa fatar kotso da asuba lokacin damina, da wanda ke ɗaukar kaya in za a yi tafiya, da yadda ake raba kuɗi a daren salla. Ya ce sau da yawa gindin waƙa a bakin 'yan amshi yake fara fitowa, a hanya ko a gona, jagora ya ji ya ɗauka. Ya ce a shekarun ƙarshe, in marigayin ya mance ɗan waƙa a gaban sarki, shi ne yake maimaita amshi, ya ja shi, ya sake ja, har ya ga alama a kafaɗarsa cewa ya tuno, ba kuwa wanda ya taɓa ganewa. Kwana uku ina zuwa, har wayata ta cika, na koma rubutawa a takarda. Babin bai ƙare ba tukuna, ina kuma roƙon Allah Ya ba Baba lafiya, domin akwai sauran tambayoyi.

A hanyata ta dawowa na biya ta rumfar Kawu. Yanzu gyaran waya ya fi yi, rediyo sai jefi-jefi, kaset ɗin kuwa ya ce ya tsinke tun tuni. Na ce masa, “Kawu, ka tuna mutumin nan na cikin kaset, wanda ka ce ba ya gaggawa ba ya jinkiri? Na samo sunansa. Malcolm ake ce masa, shi ne ma mai ƙungiyar. Ya rasu tun 2017.” Na nuna masa hotonsa a waya, yana tsaye can baya kusa da lasifika. Kawu ya karɓa, ya matso da ita kusa da ido, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, “Allah Sarki, ɗan ƙarami da shi. Ai na gaya maka akwai shi.” Ya miƙo mini wayar, ya ce in hura masa gawayi, an ɗauke wuta.